Ɓarawon Da Kowa Ya Gani

Sanda, buta, riga ɗaya ta canji, ƙullin goro, sai ƙwayoyin hawan jini a cikin leda. Abin da Mati ya ɗauko daga Ungogo ke nan. Motar Ɗambatta ta wuce garin Kunya lokacin da wayarsa ta sake ƙara. Sama'ilu ne.

"Kana ina, Sarkin Sawu?"

"Hanya."

"To ka ce wa direba ya taka. An kama ɓarawon tuni. Kai kaɗai ake jira."

"In an kama shi, me zan zo yi?"

"Furera ta ce sai ka gani da idonka. Ka san ƙanwarka da kafiya."

Bin sawu sana'ar Mati ce. In an sace dabba a ƙauyukan arewacin Kano, akan kira shi ya karanta ƙasa. Wannan karon satar ta shiga gida. Mijin Furera ya rasu ya bar mata shanun huɗa biyu, ja da fari, da su ake yi wa mutane huɗa tana ciyar da 'ya'yanta. Ranar Laraba kafin gari ya waye jan ya ɓace daga turke. Damina ta kankama, kuma sa ɗaya ba ya jan garma.

Sama'ilu kuwa amininsa ne tun makarantar allo. Ya yi shekaru yana dillancin shanu a Illela ta ƙasar Sakkwato kafin ya dawo gida. Ranar da aka binne mijin Furera, a hannunsa Mati ya bar amanar gidan.

*

Ɗan acaɓa ya sauke shi a bakin burji, gabas da garinsu, Ɗinyar Tudu. Sama'ilu na tsaye yana jira. Ya karɓi butar, ya dubi Mati sama da ƙasa.

"Birni ya cinye ka. Dubi wuya kamar na zalɓe."

"Kai kuma tumbin la'ada ya hana ka ganin ƙafarka."

Suka yi dariya. Sama'ilu ya ce su yanke ta burtali, ya fi kusa. Burtalin siriri ne, gero ya kai gwiwa dama da hagu. Sama'ilu ya shige gaba yana ba da labari.

"Bunu ne. Da asuba ya kwance shi, ya bi ta gaban masallaci, ya yi yamma. Rabin gari sun gan shi."

"Bunu ɗan Kallamu?"

"Shi. Yana ɗakin mai unguwa a kulle. Da 'yan sintiri sun gama da shi, ni na hana."

"San fa?"

"Ya ƙi faɗa."

Mati ya san Bunu. Kakansa ne ya zo daga Barno da fatauci ya zauna. A Ɗinyar Tudu aka haifi ubansa, a nan aka haife shi, amma har yau in za a kwatanta gidansu sai a ce gidan baƙi.

*

Furera ta rame. Ta gaishe da yayanta a tsakar gida, ta kai shi turke ba tare da ya tambaya ba. Farin san yana tsaye shi kaɗai, bai taɓa dusarsa ba.

"An yi ruwa daren?" in ji Mati.

"Kamar da bakin ƙwarya. Ya ɗauke kafin asuba. Tun daga nan ba a sake ba."

"Kin ji motsi?"

"Ko ɗaya, Yaya. Kuma jan nan in baƙo ya matso shi sai ya tada unguwa."

Mati ya tsuguna. Mutane sun tattake wurin, amma a gindin danga ya sami sawu mai kyau. Kofaton baya na hagu yana da ɓalli a gefe, kamar an gutsure shi.

"Nasa ne?"

"Nasa ne. Dutse ya fasa masa bara."

Igiyar turken ba yanka ta aka yi ba, kwance ta aka yi. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Ke kin ga Bunu?"

"Ni ban ga kowa ba. Amma kowa ya gan shi."

*

Ya fara da ladan. Tsoho ne mai tsoron Allah, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

"Na fito zan yi kiran salla na biyu," in ji ladan. "Sai ga Bunu ta gaban masallaci, yana janye da bisar. Har na ce masa, Bunu, ba za ka tsaya jam'i ba? Ya ce zai yi a hanya."

"Duhu ne ko haske?"

"Gari ya soma wayewa. Na gan shi sarai, Malam Mati, kamar yadda nake ganin ka."

Mai shayin bakin masallaci ya ce yana hura wuta suka wuce.

"Yana janye da bisar, jar hularsa a ka. Na ce, yau kuma kasuwa? Ya ɗaga mini hannu."

"Ɓarawo ya ɗaga maka hannu?"

"Ai ka san ɓarayin yanzu. Ido ya bushe."

Inna Larai, wadda gidanta ne na ƙarshe a yamma, ta fi kowa zafi. Ta sa aka shimfiɗa wa Mati tabarma, ta ba shi labarin tana nuni da muciya.

"A nan ya wuce, ɗan nan, yana janye da bisar. Ta kai baki ta fizgi harawata a kan danga. Na ce, kai Bunu, harawar tawa ce sadaka? Ya ce, yi haƙuri Inna, zan kawo miki tsaraba. Har yau ina jiran tsarabar."

"Kin tabbata ranar Laraba ce, Inna?"

"Ni ba yarinya ba ce. Abin da idona ya gani nake faɗa maka."

Mati ya bi layin masallaci daga farko har ƙarshe, kansa a ƙasa. Sawun mutane, na kekuna, na kaji. Babu kofato mai ɓalli. Sai dai hanya ce da gari duka ke bi, komai na iya gogewa.

*

Mai unguwa Abdulkabir ya buɗe masa ɗakin da aka kulle Bunu. Ɗakin ajiyar taki ne, warin ya cika shi. Bunu na zaune a kan buhu, leɓensa a fashe.

"Malam Mati. Kai ma ka gan ni?"

"Ni ina Ungogo. Ina kake da asubar Laraba?"

Bunu ya sunkuyar da kai. "Barci. Sanyin ruwan nan ya danne ni, ban tashi ba sai da rana ta fito. Kunya ta hana ni faɗa da farko. Da na faɗa, suka ce dabara ce. Matata ta shaida, suka ce ai matata ce."

"Ka taɓa jan sa ta gaban masallaci?"

"Nawa. Bara da kaka, da na kai shi Ɗambatta na sayar. Shi ma ja ne." Ya taɓa fasasshen leɓensa. "Ladan ne ya yi mini huɗuba ranar sunana. Ya dube ni ya ce ya gan ni. Inna Larai ta goya ni. Jiya ina zaune nan har na fara tambayar kaina, ko dai na tashi cikin barci na yi ban sani ba."

A waje mai unguwa ya ja Mati gefe.

"Gobe Asabar in an yi azahar zan miƙa shi ga hukuma. Ko sun sake shi, zamansa a garin nan ya ƙare. Gonar da ubana ya ba ubansa aro zan karɓe. Ba zan iya da mutane ba."

"Ranka ya daɗe, ka ba ni zuwa azahar ɗin."

"Na ba ka. Amma me za ka samo wanda ya fi idon ladan?"

*

Mati ya koma bayan gidan Furera ya fara daga danga. Sawun bai yi yamma ba. Gabas ya yi, ya shiga burtalin da suka biyo da safe. Da damina awaki a ɗaure suke, dabbobi kaɗan ne ke bin wurin, don haka ƙasa ta riƙe abin da aka rubuta mata. San ya tafi a natse. Babu inda ya turje, babu inda ya ja da baya. Sawun mutum kuwa iri biyu ya gani, nasa da na Sama'ilu, na shigowarsu. Ya tsallake su kamar yadda mutum ke tsallake inuwarsa.

A bakin burji sawun ya ƙare. Akwai sawun tayar a-kori-kura da ta ja da baya har gefen kwalbati.

Mutum ɗaya ke da irin motar a yankin, wani direba a ƙauyen gaba. Mati ya hau acaɓa ya same shi a ƙarƙashin motar, injin a zube a kan buhu.

"Tun kafin ruwan farko take kwance," in ji direban. "In ka ga ta ɗauki sa, ka gaya mini, ni ma in hau."

Tayoyinta a sance suke kamar tafin hannu. Na bakin burji sababbi ne. Mati ya ba shi goro ya dawo.

Da ya gaya wa Sama'ilu sawun gabas ya yi, Sama'ilu ya kaɗa kai.

"Wayo ne. Ya yi yamma don a gan shi, ya zagayo ta bayan gari."

"Ɓarawo yana so a gan shi?"

"Ni dillali ne, mutumina. Karatun ƙasa naka ne."

*

Washegari da safe Furera ta kawo masa koko da ƙosai a zaure. Ya kwana yana juya maganar. Abin da ya fi damun sa shi ne, in ya rufe ido, shi ma yana ganin abin: Bunu da jar hula, igiya a hannu, masallaci a bayansa. Shi da yake Ungogo a ranar.

"Abin da ban gane ba," ya ce, "in ta gabas aka fitar da bisar, me ya sa..."

Furera ta yi dariya, karo na farko tun zuwansa.

"Bisa? Yaya, yaushe ka zama Basakkwace? Mu nan sa muka sani, ko dabba. Kwana ɗaya da Sama'ilu har ya shafa maka."

Mati ya ajiye ludayin.

"Wa ke cewa bisa a garin nan?"

"Shi kaɗai. Tun da ya dawo daga Illela. Yara har Baba Bisa suke ce masa a bayan ido."

Ba daga bakin Sama'ilu ya ɗauki kalmar ba. Daga bakin ladan ya ji ta, da mai shayi, da Inna Larai. Mutum uku da ba su taɓa kwana a ƙasar Sakkwato ba, kowannensu ya faɗi magana ɗaya, kalma a kan kalma.

"Furera, safiyar da kika yi kururuwa, ladan ya zo?"

"Shi ya fara zuwa."

"Me ya ce?"

Ta yi tunani. "Ya ce Allah ya tona. Ya ce shi bai ga kowa ba, don ruwan ya sa ko kiran farko a cikin masallaci ya yi."

"Yaushe aka fara kiran sunan Bunu?"

"Da hantsi. Daga teburin mai shayi maganar ta taso."

"Ara mini fartanya da faranti."

Ya koma burtali shi kaɗai. Wannan karon bai tsallake komai ba. Sawun Sama'ilu na jiya yana sama-sama a kan busasshiyar ƙasa, iska ma ta fara share shi. Amma akwai wani, takalmin ɗaya, mai facin taya a dunduniya, wanda ya nutse a taɓo ya bushe a haka. Ya bi shi har wani kwari inda laka ta taru. A nan kofato mai ɓalli ya sauka a kan dunduniyar takalmin, ya danne rabinta.

Mati ya daɗe a tsugune. Sannan ya sa fartanya ya yanko wurin, ya ɗora a faranti, ya rufe da rigarsa ta canji.

*

Bayan azahar zauren mai unguwa ya cika. An fito da Bunu an zaunar da shi a tsakiya. Sama'ilu na kusa da mai unguwa. Takalma sun taru a bakin ƙofa. Inna Larai da Furera suna daga soro na ciki, inda za su ji.

Mati ya ajiye farantin a rufe.

"Malam Ladan, da Furera ta yi kururuwa, ka ce mata ba ka ga kowa ba."

Ladan ya ɗaure fuska. "Ruɗewa ce. Daga baya na tuna."

"A ina ka tuna?"

"A wurin mai shayi. Ana maganar, sai abin ya faɗo mini."

"Wa ke maganar?"

Ladan ya dubi mai shayi. Mai shayi ya sosa ƙeya. "Kowa dai. Alhaji Sama'ilu ya ce shi kamar ya hangi Bunu da asuba. Ya ce, Ladan, ba kana waje ba lokacin? Sai Malam ya yi tunani, ya ce ƙwarai kuwa. Ni ma sai na tuna."

"Da ka gan shi yana wucewa, kana hura wuta. A waje?"

"A waje mana."

"Da itacen da ya kwana a ruwa?"

Mai shayi ya kawar da kai.

Mati ya ɗaga murya. "Inna Larai, san ya ci miki harawa a kan danga?"

"Ya ci," ta amsa daga ciki. "Dami guda ya ja."

"Wake yanzu aka shuka shi, Inna. Harawar bara ta ƙare tun bazara. Jiya na duba dangarki, babu ko tsinke."

"To ni ƙarya nake yi?"

"Ba ƙarya kike yi ba. Babu wanda ya yi ƙarya cikinku. Kun ga Bunu da jan sa, da jar hula, ya yi yamma. Bara da kaka, ranar da ya kai nasa kasuwa. Abin yana nan a ranku. Wani ne ya ɗauko shi ya canza masa rana."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Mai unguwa ya ɗaga hannu.

"Malam Ladan, maimaita abin da ka gaya mini jiya. Ka ga Bunu yana me?"

"Yana janye da bisar."

"Da me?"

"Da bi..." Ladan ya tsaya. Ya taɓa leɓensa kamar ya tsinci tsakuwa a tuwo.

"Tun da kake, ka taɓa kiran sa bisa?"

Babu wanda ya juya, amma kowa ya san inda ba ya kallo. Sama'ilu ya yi dariya.

"Yanzu Hausata ce ta saci sa? Na faɗi abin da na hanga, mutane suka ɗauka. Kuma ni na kira ka, Mati. Ɓarawo yana kiran mai bin sawu?"

"Furera ta ce za ta kira ni. Ka riga ta."

Mati ya je bakin ƙofa, ya tona cikin takalman, ya ɗauko ƙafa ɗaya ta fata mai facin taya. Ya yaye rigar daga kan farantin, ya ɗora takalmin a gurbin. Ya zauna daram.

"Jiya muka bi burtalin tare," in ji Sama'ilu. "Kai shaida ne."

"Jiya ƙasa a bushe take. Wannan a taɓo aka taka shi, kuma tun daren Talata ba a yi ruwa ba. Ranka ya daɗe, dubi nan. Kofaton a kan takalmin yake. Mai takalmin yana gaba, san yana bin sa. Bai turje ba don ya san hannun da ke ba shi dusa." Ya juya ga Sama'ilu. "Ka tare ni a burji, ka bi da ni ta nan, ka shige gaba. Ka san in na ga ƙafarka ba zan duba ta ba."

Mai unguwa ya sunkuya a kan farantin ya daɗe. Da ya ɗago, Sama'ilu ba ya dariya.

"Ina san?" in ji mai unguwa.

"Ya tsallaka iyaka."

"Me ya kai ka?"

"Mai saye ya zo yana neman horarre. Na ce kafin kaka zan mayar mata da wanda ya fi shi." Ya share fuska da hularsa. "Ban yi niyyar Bunu ba. An tambaya wa aka gani, bakina ya faɗi sunansa. Magana ɗaya na yi. Hular, da harawar, da sallar da zai yi a hanya, duk su suka kawo abinsu. Wallahi yanzu ni kaina in na rufe ido ina ganin sa."

Bunu kuwa ladan yake kallo. Ladan yana kallon tabarma.

Mai unguwa ya sallami jama'a, ya tsayar da manya. Ya yi magana a hankali. Sama'ilu ɗan gari ne, surukin gidaje da yawa. Zai kawo wa Furera sa kafin mako ya zagayo. Bunu ya tafi gida, gonarsa tana nan. Ba sai an kai maganar ko'ina ba. In an tambaya, a ce an sasanta.

"A rufa wa juna asiri, Malam Mati. Kai ma amininka ne."

Mati ya ɗauki sandarsa ya fita.

A gindin dalbejiyar ƙofar gida mutane ba su watse ba. Ya ji mai shayi yana cewa, "To ai ba mamaki su biyu ne. Ɗaya ya kwance, ɗaya ya ja." Wani ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Inna Larai ta fito tana gyara mayafi, tana cewa ita dai ba a haifi wanda zai gaya mata abin da idonta ya gani ba.

Bunu ya fito a bayansu. Aka buɗe masa hanya, babu wanda ya miƙa masa hannu. Ya tsaya kusa da Mati.

"An sasanta, in ji su. In an kira 'ya'yana 'ya'yan ɓarawo a makaranta, su ce an sasanta?"

*

Bayan la'asar Sama'ilu ya zo gidan Furera. Mati na zaure. Bai ce ya shigo ba, don haka ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na samo mata sa. Ya fi jan girma. Jibi zai iso."

"Ta ji."

"Mati, ka ci mutuncina a gaban mutane, na haɗiye. Ya isa haka. Abincina a bakin mutane yake. In maganar nan ta shiga kara, ba mai sake ba ni igiyar akuya."

Kara ita ce kasuwar shanu ta Ɗambatta. A can dillali ba shi da jari sai sunansa.

"Ka ji abin da suke faɗa a gindin dalbejiya?" in ji Mati.

"Surutu ne. Zai wuce."

"Ba zai wuce ba. Yau su biyu ne. Baɗi war haka kai ka fita daga labarin, saura Bunu da jar hula. Za su rantse a kai, kuma ba ƙarya za su yi ba."

"To ni na ce su tuna haka?"

"Kai ka koya musu."

Sama'ilu ya matso, ya sa hannu a jikin ƙyauren. Muryarsa ta sauka.

"Ni ne fa. Ni na ɗauki gawar mijinta. Ni na yi maka rakiyar aure. Saboda baƙo za ka tozarta ni?"

"A gidan da ke bayan naku aka haife shi."

"Ka san abin da nake nufi."

"Na sani."

Mati ya miƙe. Ya dubi hannun da ke kan ƙyauren har Sama'ilu ya janye shi. Ya tura ƙofar, ya sa sakata. Ta bayan ƙyauren ya yi maganar, ba da ƙarfi ba.

"Gobe Lahadi. Zan ɗauki Bunu mu shiga kara, in tsaya a gaban sarkin kara da dillalai in faɗi sunanka da abin da ka yi. Ka zo ko kada ka zo."